Sarƙar kekena tana tsalle, tayar baya kuma kullum faci: in gyara ko in sayar?

Malam Na-Jega

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu hawan keke da masu gyaransa, don na kai inda ko dai in kashe wa wannan keke kuɗi ko in rabu da shi.

Ni malamin firamare ne. A Jega nake zaune, makarantar da nake koyarwa kuma tana wani ƙauye ta wajen Aliero. Da babur nake zuwa a da, to tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sai albashi ya koma ƙarewa a gidan mai, na jingine babur ɗin a zaure na sayi keke. Na gwanjo ne, irin mai giyar nan, faranti uku a gaba, jeren haƙora bakwai a baya, a gefen taya an rubuta 26 x 1.95. Hanyata kashi biyu ce: in bi kwalta ta hanyar Sakkwato, sannan in sauka in ratsa ta gonaki, inda babu komai sai rairayi da ƙaya da sawun amalanken shanu.

Da farko na ji daɗinsa ƙwarai. Ba shi da nauyi, kuma in iskar hunturu ta taso ta gabana da safe sai in sassauta giya in ci gaba da tafiyata, ba sai na jiƙe sharkaf da gumi kafin in shiga aji ba.

Damuwa ta farko sarƙa ce. In na miƙe tsaye na danna feda da ƙarfi, musamman wajen fita daga rairayi, sai in ji ƙas! feda ta zarce, ƙafata ta tafi a banza. Rannan saura ƙiris in kifa a gaban ɗalibaina, kun kuwa san yaran firamare ba su manta irin wannan. Na kai wa wani mai gyara ya sa mini sabuwar sarƙa, abin mamaki sai tsallen ya ƙaru. Yanzu a ƙananan haƙoran nan biyu na baya, waɗanda na fi hawa a kwalta, ba na iya danna feda ko kaɗan. Kuma ba rashin mai ba ne, don duk ƙarshen mako ina shafe ta da baƙin mai da nake karɓa wajen mai gyaran babura na unguwarmu, har sai ta yi sheƙi.

Ta biyu faci. Tuf ɗin baya ya zama faci a kan faci. Mai facin bakin tasha har ya daina tambayata abin da ya faru, da ya hango ni tafe ina tura keke sai ya jawo bokitin ruwa. Tayar gaba kuwa lafiya lau. Abin da nake ɗorawa a kariya bai taka kara ya karya ba: jakar littattafai, gorar ruwa, wani lokaci in iyayen yara sun yi mini alheri rabin buhun albasa ko ’yar shinkafa.

Wani abokin aikina mai baƙin Phoenix, irin na iyayenmu, kullum dariya yake mini, wai na sayi keken ’yan gayu na shiga gona da shi. Ya ce in sayar in cika in sayi irin nasa. Zuciyata ta fara karkata, don ban taɓa ganin ya tsaya a hanya ba. Amma in na tuna yadda yake sauka yana turawa a rairayin da ni nake wucewa a zaune, sai gwiwata ta yi sanyi.

To jama’a, mene ne ke sa sabuwar sarƙa tsalle? Kuma facin nan laifin taya ne, ko tuf, ko hanya? Allah ya ba da ikon taimakawa.

Baba Mai Gyara, Argungu

Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta Malam. Ɗana ka rubuta min wagga magana, ni hwaɗi kawai nika yi. Tun ina yaro nika gyaran keke nan Argungu, tun zamanin da Raleigh na abin yayi, har wanda anka haɗa Kano mun kwance mun ɗaure.

Kada ka saida kekenka tukuna. Ciwon da kac ce dut mai magani na, kuma baƙin man nan da kaka alhwahari da shi, shi na mahwarin abin.

Baƙin mai ya gama aikinai cikin inji, cike shike da garin ƙarhe. Ka zo ka laɓta shi har bayan sarƙa, ka shiga rairai cikin hunturu. Mai da rairai in sun haɗu dutsen niƙa sunka zama, kuma ta ciki suka cin sarƙa, wurin ’yan ƙusoshin da ka haɗa gaɓoɓinta. Sannu sannu sarƙa ta ƙara tsawo. Doguwar sarƙa kuma sai ta ci haƙoran firiwil, wato jeren haƙoran nan na baya, daidai da bakinta. Tsohuwar sarƙa da tsohon firiwil sun saba da juna, suna lallaɓawa. Da anka kawo sabuwa ba ta samu wurin zama cikin haƙoran da sunka cinye ba, in ka danna sai ta hau kansu ta zame. Shi yas sa ƙananan nan biyu da ka hi hawa su ka yi ma tsalle. Ka duƙa ka dube su da kyau, za ka ga sun sirance sun kwanta gehe guda, ba su yi kama da manyan da ba ka hawa ba. Maganin shi a canza firiwil, ba wani abu ba. Wanda yas sa ma sarƙa da ya hwaɗa ma haka tun rannan. Ka sa a dubi farantin gaba na tsakiya shi ma, amma shi ya hi daɗewa, don haƙoran da ka raba nauyin sun hi yawa.

In anka canza, ga yadda za ka riƙe ta. Kananzir kaɗan cikin gwangwani, tsohon burushin haƙori, ka wanke ta tas ka bari ta bushe. Sannan ɗigo guda kan kowace gaɓa, ba kwarara ba. Ka juya feda baya mai shi shiga ciki, ka ɗauki tsumma ka goge bayanta har sai in ka taɓa ba ta baƙanta ma yatsa. Aikin mai ciki shike, wanda yar rage waje kiran ƙura kawai shika yi. Sabon man inji ya yi, man giya ya yi. Man keken ɗinki ya yi cikin rani, amma ruwan damina wanke shi shikai. Ban da man gyaɗa, ban da manja, danƙo suka yi su kama sarƙa. Giris kuma na boris na, ba na sarƙa ba.

Sai hwaci. Malam, tuf magana shikai, mutane ne ba su saurare. In anka hidda shi kada ka bari a liƙe ba ka ga hujin ba.

In hujin na bayan tuf, wajen da ka kallon ƙasa, to ƙaya ta. Wurinmu tsaida ta hi ɓarna, sai ta bagaruwa da aduwa bakin gonaki. Ɓarnar ita ta, ƙaya kan karye ta bar tsininta cikin taya. A liƙe tuf a maida, gobe ta sake sokewa wuri guda. Ka juya taya ka bi cikinta da tsumma, inda tsumma yam maƙale nan tsinin shike, ka sa allura ka hidda shi.

In hujin na cikin tuf, wajen da ka kallon wili, to ba hanya ta ba. Kan wayar wili na ya huto, ko robar da anka shimhiɗa ta ruhe kawunan wayoyin ta goce ko ta tsinke. Kekunan gwanjo da yawa da wanga ciwo suka zowa. Tsohon tuf za ka yanka siriri ka zagaya shi, ka huda wurin bawul.

In kuma huji biyu na, ’yan dogaye, kusa da juna, to iska ta yi kaɗan. Ka hwaɗa rami ko ka hau bakin kwalta da kaya bayanka, wili ya matse tuf ya yanke shi. Tunda kac ce ta baya ɗai ka yi, kuma kana ɗora albasa, ni wanga nika zargi.

Liƙin ma da hannu. A kankare wurin da samfefa, a shafa sholisho siriri, a jira shi bushe har shi bar kama yatsa, sannan a ɗora hwaci a danne da ƙarhi. Yaran yanzu gaggawa ta yi musu yawa, sholisho na jiƙe suka liƙawa, da rana ta yi zahi sai shi ɗago. Tuf ɗin da kac ce ya zama hwaci bisa hwaci kam ya gama, ka sayi sabo. Tsohon ka tsaga shi ka shimhiɗa cikin taya tsakaninta da sabon, yana tare ƙananan ƙayoyi.

Mai Albasa

Baba ya gama magana a kan gyara, Allah ya ƙara girma. Amma ni Malam, abokin aikinka nake goyon baya.

Nan Aliero ka tsaya bakin hanya lokacin cire albasa ka ƙirga kekunan da ke fitowa daga gona da kaya. Nawa ne masu giya? Hero ne da Phoenix da Avon za ka gani, marasa giya. Nawa Hero ne, buhu guda nake ɗora masa a kariya, wani lokaci in rataya galan biyu na ruwa. Sarƙa ɗaya, faranti ɗaya, birkin ƙarfe, babu wata waya da za ta tsinke. In wani abu ya lalace, duk ƙauyen da ka shiga akwai mai kayansa a ƙarƙashin bishiya. Naka kuwa in wannan ƙarfen da ke lilo a baya ya shiga cikin wili a tsakiyar gona, sai dai ka saɓa shi a kafaɗa.

Kuma batun kifawa a gaban ɗalibai, kada ka damu, ka san garinmu ba a rasa masu ɗori. Amma dai gara a gyara.

Ɗan Gusau

Salamu alaikum. Baba, Allah ya saka da alheri, ni ɗalibi ne a gabanka, ƙari kawai zan yi. Mu ’yan hawan motsa jiki ne, muna fita da asuba ranakun hutu, kuma kusan duk kekunanmu irin na Malam ne, to mun sha wannan wahalar.

Malam, kafin ka biya kuɗin firiwil ka duba abu biyu a sabuwar sarƙar. Na farko faɗinta. Ta keke marar giya ta fi faɗi, 1/8 na inci ce, ta mai giya irin naka kuma 3/32. Masu shago da yawa duk sarƙa sarƙa ce a wurinsu. In mai faɗin aka sa maka, za ta riƙa gogar haƙoran da ke kusa da wanda take kai. Ka nemi wadda aka rubuta 6, 7, 8 a kwalinta. Na biyu wurin haɗi. Yawancin masu gyaranmu da guduma da ƙusa suke haɗa sarƙa, sai gaɓar ta ƙage. Ka juya feda baya a hankali kana kallon ƙananan tayoyin nan biyu na giyar baya. In akwai gaɓar da ta ƙage za ka ga ta yi tsalle duk lokacin da ta zo wucewa. Sai ka kama wurin ka ɗan lanƙwasa shi hagu da dama har ya saki. Amma tunda ka ce a haƙora biyu kaɗai take yi, maganar Baba ce za ta tabbata.

Don gaba kuma, rular ajinka ta isa ta gaya maka lokacin canza sarƙa. Tsakanin kowace ƙusa da mai bi mata rabin inci ne cif. Ka ɗora farkon rula a tsakiyar ƙusa ɗaya, alamar inci 12 ya kamata ta faɗa a tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta wuce alamar da 1/16 na inci, wato kusan milimita ɗaya da rabi, canza sarƙa, firiwil ɗinka ya tsira. In ta kai 1/8, kusan milimita 3, to su biyun za ka saya. Sarƙa ta fi firiwil araha, shi ya sa muke aunawa.

Sannan ba duk jeren haƙoran baya ne firiwil ba. Akwai mai ɗaurin zare da ake murɗawa a jikin wili, akwai kuma wanda ake zurawa a kulle da zobe. Ka cire wilin ka juya haƙoran baya kana kallon tsakiya, wurin da makulli ke shiga. In wurin ya tsaya cik haƙora na juyawa, mai zare ne, kuma shi ya fi samuwa a kasuwanninmu. In yana juyawa tare da su, ɗaya irin ne. Ka tafi da wilin shago, kada ka saya da ka. Kuma ka samu mai gyaran da ke da makullinsa, don masu buga shi da kurfi da guduma sukan ɓata abin da ba su zo gyarawa ba.

Wajen sayen taya ko tuf, lambar 26 kaɗai ba ta isa ba, nan mutane ke asarar kuɗi. Ka duba gefen tayarka za ka ga wata lamba kamar 50-559. Wannan 559 ɗin ita ce faɗin da’irar wilinka da milimita, daga baki zuwa baki. Akwai wata 26 ɗin, 26 x 1 3/8, ita 590 ce, ba za ta zauna a naka ba ko za a kwana ana dannawa. Haka 28: ta Phoenix da Hero 28 x 1 1/2 ce, wato 635, ta kekunan tsere da ake rubuta wa 700C kuma 622 ce, ita ma wasu 28 suke ce mata.

Iska kuma, a nan zan ɗan sassauta maganar Baba. An rubuta iyakarta a gefen taya, irin taka yawanci 40 zuwa 65 a ma’aunin iska na PSI. In ka cika ta tam za ta yi gudu a kwalta, amma a rairayi nutsewa za ta yi, amfanin tayar mai faɗi ya tafi. Ka ba ta baya iska sosai tunda ita ke ɗauke da kai da kaya, ta gaba ka rage mata kaɗan. Bawul ɗinka in irin na mota ne, duk mai faci zai iya auna maka. Kada kuma ka jingine shi cikin ranar Afrilu daga safe har a tashi makaranta, ka nema masa inuwa.

Mai Albasa kuma yana da gaskiyarsa ta fuska ɗaya. Wilin baya na keke mai giya ba a yi shi don buhu ba. Saboda a samar wa haƙora bakwai wuri, wayoyin ɓangaren dama sun fi miƙewa tsaye kuma sun fi ɗaurewa, sannan in mai zare ne, boris ɗin dama yana can ciki, ya bar dogon ƙarfe a waje ba mataimaki. Shi ya sa sandar tsakiyar wilin take lanƙwashewa ko ta karye in kaya sun yi yawa. Tsofaffin Raleigh na Ingila wayoyi 40 ake sa musu a baya, 32 a gaba, don an san aikin da za su yi. Naka da wuya ya wuce 36. Amma Malam ba dakon albasa yake yi ba, makaranta yake zuwa, rabin hanyarsa rairayi ne, kuma da safe iskar hunturu a fuska yake shan ta tunda gabas maso arewa ya nufa. Ni a ganina giya ta fi masa. In kyautar ta kai rabin buhu, a ba mai amalanke.

Abu na ƙarshe da ba ka tambaya ba: hanyar Jega zuwa Sakkwato ta manyan motoci ce. In kana kai magariba a hanya, ko ƙura ta rufe gari, ka sa jar fitila a baya. Akwai ƙanana masu caji, ba su da tsada.

Malam Na-Jega

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida ɗan naka mai rubutu. Mai Albasa, masu ɗorinku su sha zamansu, ba na zuwa.

Yau bayan la’asar na kifa keken a tsakar gida na cire wilin baya. Haƙoran nan biyu kuwa yadda Baba ya faɗa haka suke, sun sirance sun karkata. Mai zare ne, don tsakiyar ba ta juyawa. Sarƙar daidai ce, ta masu giya ce, ban kuma ga gaɓar da ta ƙage ba.

Tuf ɗin ne ya ba ni mamaki. Na bi facin ɗaya bayan ɗaya, na ƙaya kaɗan ne. Mafi yawa ta ciki suke, kuma sun taru a wuri guda. Da na leƙa wilin sai na ga robar ta goce, kawunan wayoyi biyu a fili, ɗaya har da kaifi. Akwai kuma masu huji biyun nan a gefe. Ashe tsaidar hanya na daɗe ina tsine mata a kan laifin da rabinsa ba nata ba ne.

Sai dai na ga wani sabon abu. Da na kama sandar tsakiyar na juya da yatsa, ba ta tafiya sumul, tana ƙarar yashi, kuma bakinta na dama yana ɗan rawa in tana juyawa. Da wilin na jikin keken ma in na girgiza shi gefe da gefe yana motsi. Baba, wannan na gyara ne ko shi ma sai sabo? Ina so in haɗa sayayyar gaba ɗaya in albashi ya shigo, ko a nan Jega ko in shiga Birnin Kebbi.

Baba Mai Gyara, Argungu

Albasar iyayen yara ta, Malam. Sandar ta lanƙwashe, yadda yaron nan na Gusau yac ce. Allah shi yi mai albarka, ya san aiki.

Ka tabbatar da kanka: a hiddo ta a gangara ta bisa gilashi ko tebur mai santsi. In tana ɗingishi ta tahi. Kada ka yarda a miƙe ta da guduma, wadda anka miƙe karyewa takai, kuma ba ta karyewa sai kana tsakiyar hanya. Ba ta da tsada, ka tahi da tsohuwar a gwada tsawo, don ta marar giya ta hi gajarta.

Tunda za a buɗe, a canza ’ya’yan boris gaba ɗai. Na baya tara tara na kowane gehe, masu kwata ɗin inci. Na gaba sun hi ƙanana, goma goma. Kada a haɗa tsoho da sabo. A wanke kwanon da kananzir a duba, in ya yi ƙuraje ko rami to wilin ya kusa, in sumul shike ka ci riba. Kon, wato notin da ka danne ’ya’yan boris cikin kwanon, in ya yi ƙuraje a sake shi. A cika giris, nan kam kada a yi rowa, shi ka hana ƙura da ruwa shiga. Ɗaurin kon kuma shi na gwanintar: in ya yi tsauri boris shi cinye, in ya yi sako-sako wili shi yi rawa. A ɗaure har rawa ta ɓace amma wili na juyawa da kainai. Ka tsaya kan mai gyaran har shi kulle notin waje bisa kon ɗin da sifana biyu, in ba haka ba sati guda ya kwance.

Kan wayar nan mai kaihi a goge shi da zarto kahin a shimhiɗa roba. Kuma in anka ɗaura sabon firiwil a shafa giris ga zaren, don wanda za shi kwance shi wata rana shi sa ma albarka.

Maman Ɗalibi, Birnin Kebbi

Salamu alaikum, ku yi haƙuri in sa baki da tawa damuwar tunda na ga masana sun taru. Yarona yana zuwa sakandare da keke, fedar hagu ta faɗi, mun sayo sabuwa. Shi da yayansa sun yi ta murɗawa ta ƙi shiga, har sun fara cewa mai shago ya ba su wadda ba ita ba. Sannan yana kukan gwiwa in ya dawo. Baba, ko keken ne ya yi masa kaɗan?

Ɗan Gusau

Hajiya, kafin Baba ya zo, ki ce su dakata da murɗawar nan kada su cinye zaren. Fedar hagu zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta shiga, an yi haka ne don kada ta riƙa kwancewa in ana tafiya. Su duba ƙarshen ƙarfen fedar, akwai harafin L a ta hagu, R a ta dama. In R ce a hannunsu to da gaske ba ita ba ce, a mayar a canzo. In L ce, su shafa ɗan giris, su fara da yatsu har ta kama zare sumul, sannan su ɗaure da sifana mai lamba 15. In kuma zaren hannun fedar ya riga ya cinye, wataƙila ma shi ya sa tsohuwar ta faɗi, to hannun za a canza.

Gwiwar kuma sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa. Yara suna tsawo, sirdi na nan inda aka bar shi tun ranar saye. Ya hau ya dafa bango, ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In gwiwar ta miƙe daidai, sirdin ya yi. In a lanƙwashe take, a ɗaga. Amma akwai layi a jikin ƙarfen sirdin da ba a so ya fito waje, in an kai layin gwiwa ba ta miƙe ba, to keken ne ya yi masa kaɗan, sai a miƙa wa ƙane. In an gyara sirdi ciwon bai daina ba, a kai shi asibiti a duba.

Mai Albasa

Malam, na ji an hana ka ɗaukar albasa. In iyayen yara sun sake ba ka rabin buhu, ka ajiye a makaranta ka aiko mini, Hero na zai kai maka har Jega. Ladan dako kashi ɗaya cikin uku.